Hawan Dutse da Kwanan Daji: Sharhi a Kan Gandun Dajin Fararen Duwatsu na Amurka

Muƙaddima

Daga cikin al'adun mutanen Amurka da suke ɗaure wa baƙo kai, musamman wanda ya tashi a ƙasar da ba a shiga daji sai don noma ko kiwo ko farauta ko neman itace da magani, akwai wannan ta barin gida mai lantarki da ruwan famfo da shimfiɗa mai laushi, mutum ya goya kayansa a baya, ya yini yana hawan dutse da ƙafa, sa'an nan ya kafa tanti ya kwana a dokar daji, alhali babu ribar da yake nema, babu kuma lalurar da ta tilasta masa. Da yake hotunan irin waɗannan tafiye-tafiye sun yawaita a intanet, kuma ɗalibanmu da ma'aikatanmu mazauna can abokan zamansu sukan gayyace su, sai fahimtar jama'a ta rabu gida uku. Wasu sun ɗauka wurin lambun shaƙatawa ne mai shinge da masu gadi, wanda babu abin da zai sami mutum a cikinsa. Wasu sun ɗauka daji ne da ba shi da mai shi, kowa ya yi abin da ya ga dama. Wasu kuwa sun yanke hukunci cewa abin duka wauta ce da jefa kai cikin halaka.

Manufar wannan sharhi ita ce warware wannan ruɗani, ta hanyar ɗaukar misali guda ɗaya a bi shi daki-daki, wato Gandun Dajin Fararen Duwatsu, wanda mutanen can suke kira White Mountain, da ke arewa maso gabashin Amurka, galibinsa a jihar New Hampshire, wani yanki nasa kuma a jihar Maine.

Ta'arifin kalmomi

Gandun dajin ƙasa, a tsarin Amurka, fili ne mallakar gwamnatin tarayya wanda Hukumar Gandun Daji take gudanarwa a ƙarƙashin Ma'aikatar Aikin Gona. An kafa wannan hukuma a shekarar 1905, kuma a yau tana riƙe da gandaye 154 da filayen ciyawa 20, waɗanda jimillar faɗinsu ta kai eka miliyan 193. Wajibi ne a bambanta shi da wurin adana halittu na ƙasa, irin su Yellowstone da aka keɓe a 1872, domin waɗannan wata hukuma ce daban take riƙe da su tun 1916, a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma asalin hukuncinsu shi ne hana sare itace, da hana farauta a galibinsu. Shi kuwa gandun daji, dokar da majalisa ta zartar a 1960 ta ambaci amfani biyar da aka tanade shi dominsu: shaƙatawar jama'a, da kiwo, da katako, da tsare mafarin koguna, da kiyaye namun daji da kifi. Saboda haka mai hawan dutse yana iya cin karo da motar katako ko da mafarauci mai lasisi, kuma babu ɗayansu da ya keta doka.

Wanda ya karanci fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin malamai sun yi magana a kan filin da shugaba yake keɓewa don maslahar al'umma, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakan Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Haka nan garuruwan Hausa sun san hurumi, wanda ba mallakar mutum ɗaya ba ne. Tarihi bai haɗa waɗannan da tsarin Amurka ba, amma manufa ta yi kama.

Abin da muke kira tattaki a wannan sharhi shi ne tafiyar ƙafa a kan turbar da aka shata cikin daji da duwatsu, ko ta yini ɗaya ko ta kwanaki. Zango shi ne wurin da aka sauka don kwana. Tanti kalma ce ta aro, ma'anarta ɗakin yadi mai hana ruwa shiga wanda ake naɗewa a ɗauka. Kamfas kuwa, ita ma ta aro ce, 'yar na'ura ce mai allura da ke nuna arewa a ko da yaushe, ba ta bukatar batir ko sabis.

Asalin wannan gandu

Kafin zuwan Turawa, waɗannan duwatsu suna cikin ƙasar ƙabilar Abenaki, waɗanda suke girmama mafi tsayinsu, suna kiransa Agiocochook. Baturen farko da tarihi ya rubuta hawansa shi ne Darby Field, a 1642, daga baya kuma aka sa wa dutsen sunan Washington, shugaban Amurka na farko. A 1819 wani mutum mai suna Abel Crawford da ɗansa Ethan Allen suka share turba don kai baƙi sama, kuma har yau ana bin ta, ita ce ma ake lissafawa mafi daɗewa cikin turbobin tattaki na Amurka da ba a taɓa daina amfani da su ba.

Musiba ta auka wa dajin bayan 1867, shekarar da jihar New Hampshire ta sayar da ragowar filayenta na duwatsu ga 'yan kasuwa. Attajiran katako, waɗanda mafi shaharar su shi ne James E. Henry, suka shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa har cikin kwaruruka, suka riƙa aske gangaren duwatsu ƙwal, suna barin rassa da ganye jibge a ƙasa. Da waɗannan suka bushe, tartsatsin jirgi ɗaya ya isa ya tayar da gobara, kuma a 1903 wuta ta cinye dubban eka. Illar ba ta tsaya a kan dutse ba, domin itatuwa da ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙarƙashinsu su ne suke riƙe ruwan sama su sake shi sannu a hankali, to da suka gushe sai ruwa ya riƙa gangarowa gaba ɗaya yana kwashe ƙasa, mutanen birane suka fara kuka da ambaliya a wani lokaci da ƙafewar kogi a wani, musamman masu manyan masaƙun birnin Manchester na New Hampshire waɗanda injinansu suka dogara ga Kogin Merrimack.

Ta haka bukatar masu masana'antu ta haɗu da ta masu son duwatsu, irin su ƙungiyar Appalachian Mountain Club da aka kafa a Boston a 1876, da Ƙungiyar Kare Dazuzzukan New Hampshire da aka kafa a 1901. Matsalar ita ce, a yammacin Amurka filaye suna hannun gwamnati tun asali, keɓewa kawai ake yi, amma a gabas sai an saya daga masu su, kuma akwai 'yan majalisa da suke ganin tsarin mulki bai ba tarayya wannan iko ba. Ɗan majalisa John W. Weeks, haifaffen New Hampshire mai wakiltar Massachusetts, shi ya jagoranci dokar da ta kafa hujja da cewa tarayya tana da hurumi a kan kogunan da jiragen ruwa ke bi, don haka tana da ikon tsare mafarinsu. Shugaban Amurka Taft ya sa mata hannu a ranar 1 ga Maris, 1911, aka fara sayen fili a 1914, aka kuma ayyana gandun a 1918. A yau faɗinsa ya kusa eka 800,000, wato fiye da murabba'in kilomita 3,000, kuma galibin itatuwan da baƙo yake gani yana tsammanin tun fil'azal suke, sun tsiro ne a kan ƙasar da aka taɓa askewa ko ta ƙone.

Siffar wurin da abin da ke kai mutane

A cikin gandun akwai turbobin ƙafa da tsawonsu ya kai kusan kilomita 1,900, da wuraren zango fiye da 20 waɗanda mota take isa gare su. Jihar New Hampshire tana da ƙololuwa 48 da ake lissafawa cikin waɗanda suka kai ƙafa 4,000, wato wajen mita 1,220, kuma akwai masu azamar hawa dukkansu ko da zai ɗauke su shekaru. Mafi tsayi shi ne Dutsen Washington, mai mita 1,917, wanda ban da turbobin ƙafa yana da hanyar mota da aka fara buɗewa don keken doki a 1861, da jirgin ƙasa mai haƙora da ya fara kai mutane ƙololuwa a 1869. Shahararriyar turbar nan ta Appalachian, wadda ta taso daga jihar Georgia ta ƙare a Maine, tafiyar kilomita kusan 3,500, ita ma ta ratsa ta cikinsa. A watan Satumba da Oktoba ganyen itatuwa yakan rikiɗe ja da rawaya kafin ya zube, sai jama'a su yi dafifi a kan hanyar Kancamagus mai tsawon kilomita 55 don kallo.

Dalilan zuwan mutane ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne lafiyar jiki, domin wanda aikinsa ya zaunar da shi a kujera kwana biyar a mako yana bukatar abin da manomi da makiyayi suke samu cikin sana'arsu ba tare da sun nema ba. Na biyu shi ne hutun zuciya daga hayaniyar birni da kiran waya. Na uku tarbiyya ne, domin iyaye da makarantu suna kai yara su koyi haƙuri da juriya da dogaro da kai da taimakon abokin tafiya. Na huɗu ilimi ne, na tsirrai da tsuntsaye da duwatsu da yanayi. Ga mai imani kuma akwai na biyar, wato tafakkuri cikin halittar Ubangiji, abin da malamanmu ba su gushe ba suna kwaɗaitarwa a kansa. Wanda ya auna waɗannan da adalci zai ga cewa tattaki ba aikin banza ba ne, matuƙar an yi shi da shiri.

Nau'o'in zango da ƙa'idojinsu

Kwana a gandun iri uku ne, kuma rashin bambance su shi ne tushen kuskuren baƙi da yawa. Na farko shi ne zangon da aka gina a gefen hanya, inda ake biyan kuɗi, a sami wurin ajiye mota da tebur da murhu da makewayi da ruwan sha. Wannan shi ya dace da iyali da kuma sabon shiga. Na biyu shi ne ɗakunan kan dutse guda 8 na ƙungiyar Appalachian Mountain Club, waɗanda aka gina na farkonsu a 1888, aka jera su bisa tazarar tafiyar yini, inda a lokacin bazara matafiyi yake samun gado da bargo da abincin dare da na safe, bisa sharaɗin ya kama wuri tun da wuri. Na uku shi ne kwana a cikin daji nesa da hanya, ko dai a rumfunan katako da dandamalin tanti da aka tanada, ko kuma a wurin da mutum ya zaɓa da kansa.

Wannan na uku shi ne ake zaton ba shi da doka, alhali shi ya fi kowanne yawan sharuɗɗa. An hana kafa tanti ko hura wuta cikin tazarar mita 400 daga ɗakunan kan dutse da rumfuna da mashigar turbobi, sai a wurin da aka ware. A yankuna 6 da aka ayyana a matsayin dajin da ba a taɓawa, bisa dokar 1964, waɗanda mafi girmansu shi ne Pemigewasset, ba a shiga da mota ko keke ko zarto mai inji, ayari kuma ba ya wuce mutum 10, kuma ana bukatar a ja da baya daga turba kimanin mita 60 kafin a sauka. A can sama, inda itatuwa suke ƙarewa saboda tsananin iska da sanyi, wajen mita 1,340, kwana haramun ne a doka, sai fa idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa da kaurin santimita 60.

Hikimar wannan hani na ƙarshe tana bayyana a ƙissar wani ɗan tsiro mai rawayan fure da ake kira Robbins' cinquefoil, wanda babu inda yake fitowa a duniya sai kan waɗannan duwatsu. Takun masu tattaki da tsinkar masu tara tsirrai suka kusa ƙarar da shi, har aka sa shi cikin jerin halittun da ke bakin ɓacewa a 1980. Da aka karkatar da turba daga inda yake, aka killace wurin, aka yi dashe, sai ya farfaɗo har aka cire shi daga jerin a 2002. Tsirran wannan yanki suna daɗewa ƙwarai kafin su girma, shi ya sa ake umartar matafiyi ya taka dutse kaɗai, ya bi tarin duwatsun da aka jera don nuna hanya.

Sauran ladubban sun haɗa da fita da duk sharar da aka shiga da ita, har ɓawon lemo. Da tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20 don biyan bukata, nesa da ruwa da mita 60. Da nisantar rafi wajen wanka da wanke-wanke da alwala, a ɗebi ruwan a koma gefe. Da dafa abinci a ɗan murhun gas maimakon sare itace. Da kashe wuta da ruwa har toka ta yi sanyi. An kuma hana shigo da itacen wuta daga wata jiha idan ba a gasa shi ba, saboda ƙwarin da suke ɓuya a ƙarƙashin ɓawo su hallaka daji.

Haɗari na gaskiya da wanda ake zato

Baƙo yakan fara tambaya ne a kan namun daji. Gaskiya akwai baƙar dabbar nan da ake kira beyar, amma galibi gudun mutum take yi, abin da ke jawo ta zango shi ne ƙanshin abinci. Saboda haka ake rataye abinci a reshe mai tsawo nesa da tanti, ko a kulle shi cikin akwatin ƙarfe ko gwangwani na musamman, domin wadda ta saba da abincin mutane ƙarshenta a kashe ta. Akwai kuma wata babbar dabba dangin barewa da ake kira mus, wadda ta fi gwanki girma nesa ba kusa ba, haɗarinta kuwa ya fi yawa a kan titi da dare. Kaska tana ɗauke da cutar Lyme, ruwan rafi kuma, kome kyansa a ido, yana iya ɗaukar ƙwayoyin cutar gudawa, don haka sai an tafasa ko an tace.

Amma babban abin da ke kisa shi ne yanayi. Ƙa'ida ce sananniya cewa zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau. Wanda ya taso daga wurin da ake kira Pinkham Notch ya bi turbar Tuckerman zuwa ƙololuwar Dutsen Washington, tafiyar da ba ta kai kilomita 7 ba, zai hau kusan mita 1,300, ke nan zai tarar da saman ya fi ƙasan sanyi da wajen digiri 8 tun kafin a yi lissafin iska. Ita kuwa iskar, da yake jerin duwatsun ya gitta wa iskar yamma hanya, kuma hanyoyin hadari da yawa sun haɗu a yankin, sai ta matse ta ƙara gudu wajen tsallake ƙololuwa. A ranar 12 ga Afrilu, 1934, masu auna yanayi a kan Dutsen Washington sun rubuta iska mai gudun kilomita 372 a sa'a, adadin da ba a sami wanda ya wuce shi a doron ƙasa ba sai a 1996, a wani tsibiri na Ostareliya. Zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a can digiri 22 ne kacal, a watan Fabrairun 2023 kuma sanyi ya kai digiri 44 ƙasa da sifiri. Gajimare yana rufe ƙololuwar fiye da rabin lokaci, har mutum ya kasa ganin tarin duwatsun da ke gabansa.

Yadda halakar take zuwa shi ne, matafiyi ya yi gumi wajen hawa ko ruwa ya jiƙa shi, iska ta riƙa zuƙe ɗumin jikinsa, zafin jikin ya sauko ƙasa da digiri 35, sai karkarwa ta kama shi, harshe ya yi nauyi, ƙafa ta riƙa tuntuɓe, hankali kuma ya dushe a daidai lokacin da ya fi bukatar shawara tagari. Tun daga 1849, shekarar da aka rubuta mutuwa ta farko, mutanen da suka rasu a wannan dutse da kewayensa sun haura 150, kuma da yawansu ba a tsakiyar hunturu ba ne. Wata budurwa mai suna Lizzie Bourne ta rasu a watan Satumba na 1855, tazara kaɗan daga masaukin da ke ƙololuwa, wanda duhu da hadari suka hana ayarinta gani. Saboda wannan ne hukuma ta kafa alluna masu launin rawaya a bakin iyakar itatuwa, suna gargaɗin a juya idan yanayi ya ɓaci.

Rigakafi kuwa, wanda ya fi magani, sananne ne: a duba hasashen yanayin saman dutse, wanda ya sha bamban da na gari, a bar wa wani amintacce bayanin turba da lokacin dawowa, a sa tufafin ulu ko na roba hawa-hawa, a guji auduga domin idan ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi, a ɗauki rigar ruwa da hula da safar hannu ko da bazara ce, a riƙe taswirar takarda da kamfas, domin waya batirinta yana mutuwa cikin sanyi, sabis kuma babu shi a kwaruruka, a ɗauki tocila da usur da ashana da guzuri da ruwa fiye da bukata, kada ayari ya rabu, kuma a tsai da sa'ar da za a juya ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Musulmi zai sami ƙarin fa'ida a kamfas, domin alƙibla daga can tana arewa maso gabas.

Saɓanin ra'ayi

Muhawara mafi tsufa ita ce wadda ta raba Gifford Pinchot, shugaban farko na Hukumar Gandun Daji, da John Muir, wanda ya kafa ƙungiyar Sierra Club a 1892. Pinchot yana ganin daji dukiya ce da za a mora da hankali, a sare a bar na baya ya girma, don amfanin mafi yawan jama'a na tsawon zamani. Muir kuwa yana ganin akwai wuraren da darajarsu tana cikin barinsu yadda aka halicce su. Mabiyan kowannensu suna nan har yau: masu goyon bayan sare itace a gandun suna kafa hujja da ayyukan yi a ƙananan garuruwa, da cewa wasu tsuntsaye da dabbobi sun fi son sabon toho, masu adawa suna cewa tsofaffin itatuwa suna tsare ruwa da ƙasa, kuma kuɗin da baƙi suke kashewa a yankin ya dogara ga kyan dajin. Tsarin da ake bi sulhu ne tsakanin biyun, inda aka buɗe wani sashe ga katako, aka kulle wani.

Mas'ala ta biyu ita ce cunkoso. Miliyoyin mutane suna ziyartar gandun a kowace shekara, domin yana tazarar tafiyar sa'o'i kaɗan a mota daga Boston, kuma a shahararrun turbobi ƙasa tana zaizayewa, motoci suna cika gefen titi. Wasu suna neman a ƙayyade adadin masu shiga da takardar izini. Wasu suna cewa dukiyar kowa ce, kuma duk wani shinge na kuɗi ko na takarda talaka zai fara hanawa, suna ƙarawa da cewa kuɗin kwana a ɗakunan kan dutse ya riga ya fi ƙarfin mutane da yawa.

Ta uku ita ce wa zai biya kuɗin ceto. A New Hampshire hukumar kifi da namun daji ta jiha ita ce take jagorantar neman wanda ya ɓata ko ya ji rauni, tare da 'yan sa-kai da suke sayar da rayukansu cikin dare da hadari, kuma dokar jihar ta ba da damar a caji wanda aka tabbatar sakacinsa ne ya jawo. Tun 2015 akwai wani kati na ganin dama da ake saye a shekara, wanda yake ɗauke wa mai shi wannan biya, sai fa in ganganci ya yi. Masu goyon baya suna cewa wannan adalci ne, yana kuma sa mutane ihtiyaɗi. Masu suka suna tsoron kada fargabar biya ta sa mutum ya jinkirta neman agaji har abin ya ƙazanta. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a raina ta.

Abin da ake sa rai, da abin lura ga ƙasarmu

Idan yawan baƙi ya ci gaba da hauhawa ba tare da ilimi ya bi shi ba, natijar a bayyane take: ƙarin zaizayar turbobi, da ƙarin kiran ceto, da ƙarin dokokin da za su rage 'yancin da ya bambanta gandun daji da sauran wurare. Idan kuwa aka dage da wayar da kai da gyaran turbobi, wanda mafi yawansa ƙungiyoyi da 'yan sa-kai suke yi, to yawan jama'a zai zama kariya, domin masu tattakin ƙarni na 19 suna cikin waɗanda suka matsa har aka ceto dajin daga gatari da wuta.

Nijeriya ma tana da irin wannan rabo, tsakanin gandayen daji da ke hannun jihohi, irin Rugu a Katsina, da wuraren adana halittu da ke hannun tarayya, irin su Kamuku a ƙasar Birnin Gwari da Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, wanda aka kafa a 1991, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, wanda ya fi Dutsen Washington tsayi. Abin takaici ne cewa da yawa daga dazuzzukan Arewa sun zama maɓoyar 'yan bindiga, har shigarsu ta gagari malamin daji, balle mai yawon buɗe ido, kuma ba daidai ba ne kowa ya kutsa cikinsu ba da sanin hukuma ba. Yanayinmu da na Amurka ba ɗaya ba ne, amma darasin kogin da ya lalace saboda an aske mafarinsa ya shafe mu kai tsaye.

Kammalawa

Hukuncin da wannan bayani ya kai mu gare shi shi ne, gandun dajin kan dutse amana ce ta al'umma, an buɗe ta ga kowa bisa sharuɗɗa, kuma nauyin tsare rai da tsare wurin yana wuyan mai ziyara kafin ya hau wuyan hukuma. Tattaki da kwanan daji abu ne mai fa'ida ga jiki da hankali da zuciya idan ilimi da shiri suka gabace shi, yana kuma komawa ganganci abin zargi idan aka shige shi da gafala. Saboda haka duk wanda Allah ya kai shi can daga cikin masu karatu, ya fara da gajeriyar turba da zangon gefen hanya, ya bi wanda ya san wurin, ya karanta dokokin kafin ya fita, kada kuma ya ji kunyar juyowa idan sama ta canja.